Abin Da Ke Sa Jijiyar Zuciya Ta Ɗaure, Da Abin Da Ke Kwance Ta

Akwai wani irin ciwon ƙirji da ba ya bin hanyar da yawancinmu muka sani. Abin da aka saba ji shi ne, mai ciwon zuciya yakan ji ƙirjinsa ya riƙe sa'ad da yake hawan tudu, ko yana huɗa a gona, ko ya ɗauko kaya mai nauyi, in ya zauna ya huta sai abin ya sake shi. Amma wannan da za mu yi magana a kansa, mutum yana kwance ne a gadonsa, galibi tsakanin tsakar dare da asuba, ba abin da ya ɗauka, ba inda ya je, sai ya farka ya ji kamar an ɗora masa dutsen niƙa a ƙirji. Gumi ya keto masa, wani lokaci zafin ya gangara hannun hagu ko ya hau muƙamuƙi. Bayan minti 5 ko 10 sai ya wuce kamar ba a yi ba. Gari ya waye, mutumin ya ɗauki fartanyarsa ya yi aiki har yamma lafiya lau.

'Yan'uwa masu karatu, mun san irin fassarar da akan yi a gidajenmu ga abin da ya zo da dare ya tafi kafin safiya. Sai a ce jifa ne, ko maita, a fara kallon wata tsohuwa a unguwa da mugun ido. Alhali kuwa abin yana da suna a littattafan likitoci tun 1959, sa'ad da wani likitan Amurka mai suna Myron Prinzmetal da abokan aikinsa suka rubuta bayaninsa. Shi ya yi zaton cewa jijiyar da ke ba zuciya jini ce take tsukewa da kanta na ɗan lokaci, sa'an nan ta saki. A shekarun 1970, da aka ƙware wajen ɗaukar hoton jijiyoyin zuciya da allurar rini, sai likitoci suka ga abin da idonsu: jijiya lafiyayya ta matse har jini ya kusan tsayawa, aka ba da magani, ta koma yadda take.

To, me ke ɗaure jijiyar, me ke kwance ta? A nan ne wani sinadari da ake kira magnisiyam ya shigo cikin zancen.

ZARIYA A JIKIN JIJIYA

Zuciya tana bugawa wajen sau 100,000 a kwana ɗaya. Ko da yake cike take da jini kullum, ba daga wannan jinin take ci ba. Tana da nata jijiyoyi biyu, ta dama da ta hagu, waɗanda suka fito daga gindin babbar jijiyar jiki suka rarrabu a bayanta kamar saiwar itace. Faɗin kowace ɗaya bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba, watau bai ko kai kaurin fensir ba. Sauran gaɓoɓin jiki sukan ɗebi kaɗan daga iskar oksijin da jini ya kawo musu, su bar ragowa saboda lokacin bukata. Zuciya ba ta da wannan ajiya, gama ko mutum yana hutawa takan kwashe kusan kashi 70 cikin 100 na oksijin da ya zo mata. Saboda haka in aiki ya ƙaru, ba ta da wata dabara sai jijiyoyin nan su buɗe, jini ya ƙaru.

Jijiya kuwa ba bututun ƙarfe ba ce. A cikin bangonta akwai tsoka mai laushi wadda ta zagaye ta, kamar yadda zariya take zagaye bakin wando. In an ja zariyar, hanya ta ƙuntata. In an sassauta, ta buɗe. Mai ban ruwa a lambu da tiyo ya san abin da ɗan matsi kaɗan yake yi, amma lissafin ya fi yadda ake zato muni. Masana sun nuna cewa in faɗin bututu ya ragu da rabi, ruwan da ke wucewa ba rabi yake komawa ba, yakan ragu har kusan sau 16. Shi ya sa ɗan jan zariya a jijiyar zuciya ya isa ya tashi ƙato daga barci yana haki.

Mai jan zariyar nan shi ne kalsiyam, sinadarin nan da muka fi sani a ƙashi da haƙori da nono. Yadda aka gane haka ma abin dariya ne. Wani likita a Landan, Sydney Ringer, yana ajiye zuciyar kwaɗo cikin ruwan gishiri yana nazarin bugunta, sai ya ga tana ta bugawa sa'o'i da yawa. Ashe yaron aikinsa da ruwan famfo yake haɗa ruwan gishirin, ba da tataccen ruwan da ya kamata ba. Da aka koma ga tataccen ruwa sai zuciyar ta tsaya da wuri. Ringer ya bincika ya tarar ɗan kalsiyam da ke cikin ruwan famfon ne yake riƙe da bugun, ya buga wannan labari a 1883. Tun daga nan aka bi sawu har aka gane cewa kowace ƙwayar tsoka tana da 'yan ƙofofi a fatarta. In saƙo ya zo, ƙofofin su buɗe, kalsiyam ya kwarara ciki, zaruruwan tsokar su kama juna su ja. Kafin tsokar ta saki kuwa, dole a kwashe kalsiyam ɗin nan a fitar da shi waje, ko a mai da shi rumbunsa a cikin ƙwayar.

Magnisiyam ɗan'uwan kalsiyam ne, gidansu ɗaya a jerin sinadarai, amma halinsu ya bambanta. Yana iya tsayawa a bakin ƙofar da kalsiyam ke shiga, ya rage masa hanya, yana kuma iya zama a wasu kujerun da kalsiyam yake nema a cikin ƙwayar, amma shi ba ya sa tsoka ta ja. Har wa yau, 'yan famfunan da ke kwashe kalsiyam bayan an gama aiki ba sa motsi sai da shi, domin makamashin da ƙwayoyin jiki ke ƙonawa sai an haɗa shi da magnisiyam yake amfani. Ke nan wuri biyu yake tsaro: yana rage shigar mai jan zariya, yana kuma taimakon fitarsa. A 1984 wasu likitoci biyu, Iseri da French, suka yi masa laƙabi da mai tare kalsiyam na halitta. Masu hawan jini a cikinmu da ke shan amlodipine ko nifedipine, to, ku sani aikin ƙwayar nan ke nan, tare ƙofar kalsiyam domin jijiya ta sassauta, sai dai ƙarfinta ya fi na magnisiyam nesa ba kusa ba.

ABIN DA AKA GANI A JIJIYAR KARE

Gwajin da ya fi jawo hankalin duniya an yi shi ne a wata makarantar likitoci ta Jami'ar Jihar New York da ke Brooklyn. Burton Altura da abokin aikinsa Turlapaty suka yanko jijiyoyin zuciyar karnuka, suka rataya su a cikin ruwa mai ɗumi da aka haɗa daidai da ruwan jiki, suka ɗaura musu ma'aunin ja. Sa'an nan suka riƙa sauya yawan magnisiyam a ruwan. Da suka rage shi, sai jijiyoyin suka fara matsewa da kansu ba tare da an taɓa su ba. Ba wannan kaɗai ba. Da suka ɗiga sinadaran da jiki ke fitarwa lokacin tsoro ko fushi, da waɗanda ke fita sa'ad da jini ke daskarewa, sai jijiyar da aka hana magnisiyam ta ja fiye da kima, kamar jakin da aka tsikara. Da suka ƙara magnisiyam ya haura na kullum, jijiyoyin suka saki, tsikarar ma ba ta dame su sosai ba. An buga wannan a mujallar Science a 1980.

A shekarar nan dai, a makarantar nan kuma, wani malami mai suna Robert Furchgott ya gano cewa siririyar fatar da ta shimfiɗe cikin jijiya tana fitar da wani abu da ke gaya wa tsoka ta saki. Daga baya aka gane wata iska ce, aikin kuma ya kai shi ga lambar Nobel a 1998. Binciken da ya biyo baya ya nuna ƙarancin magnisiyam yana raunana wannan fatar ma. Haka hayaƙin taba yake yi mata, sai dai nasa ya fi muni, gama a cikin dukan abubuwan da ke jawo tsukewar jijiyar zuciya, ba wanda likitoci suka fi tabbatarwa kamar shan taba.

Amma kare ba mutum ba ne, jijiyar da ke cikin kwalba kuma ba ta da ƙoda ko hanta da za su gyara mata lissafi. Waɗanda suka kai zancen kan mutane su ne likitocin Japan, inda wannan ciwo ya fi yawa bisa ga ƙasashen Turai. A Jami'ar Kumamoto, ƙungiyar Hirofumi Yasue ta lura cewa in mai irin wannan ciwo ya yi ta jan numfashi da sauri na 'yan mintoci da sassafe, ciwon yakan taso masa nan take. Sai suka mai da wannan ya zama gwaji, a gaban likita, da magani a hannu. A 1989 suka ba da rahoto cewa da aka sa wa majinyatan magnisiyam ta jijiya kafin gwajin, yawancinsu ciwon bai taso ba. A 1990 kuma aka nuna cewa da yawa daga masu wannan ciwo jikinsu yana riƙe magnisiyam da aka ɗura musu maimakon ya zubar da shi a fitsari, alamar dā ma jikin yana jin yunwarsa.

Wannan batun yunwar ɓoye yana da muhimmanci. Jikin babban mutum yana ɗauke da magnisiyam wajen giram 25. Fiye da rabinsa yana cikin ƙashi, sauran a cikin tsoka da naman jiki, abin da ke yawo a jini bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Saboda haka ana iya ɗibar jinin mutum a ce lafiya lau, alhali rumbun ya yi ƙasa.

INDA MURNA TA KOMA CIKI

Da labarin ya bazu, sai aka ce to, ga magani mai araha ga masu bugun zuciya. A birnin Leicester na Ingila aka gwada a kan mutum 2,316 da aka kawo asibiti da alamun bugun zuciya, rabi aka ɗura musu magnisiyam, rabi ruwan gishiri. Sakamakon da ya fito a 1992 ya nuna mutuwa ta ragu da kusan kashi 24 cikin 100 a wata na farko. Aka yi murna ƙwarai. Sai a 1995 wani babban gwaji da ya haɗa mutum 58,050 a ƙasashe da yawa ya fito, bai ga wani amfani ba ko kaɗan. Magoya bayan magnisiyam suka ce ai an makara ne wajen ba da shi. Aka sake shirya wani, aka ba da shi da wuri ga mutum 6,213 waɗanda suka fi shiga haɗari. A 2002 sakamako ya fito: wajen kashi 15 cikin 100 suka mutu a ɓangaren da aka ba, haka nan a ɓangaren da ba a ba ba.

A ganinmu wannan bai ƙaryata aikin Altura ko na mutanen Japan ba. Ciwo biyu ne aka so a yi wa magani ɗaya. Yawancin bugun zuciya ba ɗaurewar zariya ba ne, toshewa ce: kitse ya taru a bangon jijiya shekara da shekaru, wata rana ya fashe, jini ya daskare a wurin ya rufe hanya. Kwalbatin da yashi ya cika, sassauta bakinsa ba zai sa ruwa ya wuce ba. Shi ya sa yau ba a ɗura wa kowane mai bugun zuciya magnisiyam, sai wanda aka auna aka ga ya rasa shi. Ko mai tsukewar jijiya ma, maganinsa na kullum shi ne ƙwayoyin tare kalsiyam, da 'yar ƙwayar da ake sa wa a ƙarƙashin harshe in ciwon ya taso, da barin taba. Duk mai tallar da ya tsaya a cikin mota ko a bakin kasuwa da kwalba yana cewa magnisiyam yana wanke jijiya, yana sa a yar da maganin hawan jini, to, aljihunku yake so ya wanke. Da aka tattara gwaje-gwaje 34 a 2016, aka ga shan ƙwayar magnisiyam na wajen wata 3 yana sauke awon jini da maki 2 ne kawai. Wanda jininsa ya kai 180, maki 2 ba za su fisshe shi ba.

Akwai dai wurare biyu da allurar magnisiyam ba ta da na biyu. Na farko wani irin rikicewar bugun zuciya ne mai saurin kisa, wanda likitoci ke ganewa a takardar awon zuciya. Na biyu kuwa ya shafe mu kai tsaye, watau jijjiga ko taune-taune na masu ciki. Wani gwaji a kan mata 10,141 a ƙasashe 33 ya nuna a 2002 cewa allurar tana rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi ga matan da jininsu ya hau. A jihar Kano, da aka shigar da ita asibitoci 10 daga 2008 aka kuma horar da ma'aikata, mutuwar matan da wannan ciwo ya kama ta sauko daga wajen kashi 21 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 3. Matan da aka yi wa allurar sukan ce sun ji ɗumi ya bi jikinsu duka. Jijiyoyin fata ne suke buɗewa.

DUSAR DA MUKE BA AWAKI

Babban namiji yana bukatar magnisiyam wajen miligiram 400 zuwa 420 a rana, mace 310 zuwa 320, mai ciki kuwa ta ɗara haka kaɗan. Abin farin ciki shi ne ba sai an je kemis ba. A giram 100 na dawa akwai wajen miligiram 165, gyaɗa ma haka, wake ya kai 180, riɗi kuwa ya haura 300. Gero, acca, agushi da 'ya'yan kabewa duk suna da shi. Kowane ɗanyen ganye kuma yana da shi, gama koren launin ganye an gina shi ne da ƙwayar magnisiyam a tsakiyarsa. Ke nan zogale, alayyafo, rama, yakuwa da kuka duk rumbunansa ne. Farar shinkafa kuwa ba ta wuce 25 zuwa 35 ba, garin rogo ma kaɗan ne, sukari da lemon kwalba babu komai.

Inda gizo ke saƙa shi ne, magnisiyam na hatsi yana zaune ne a ɓawo da ƙwayar tsiro, watau daidai abin da surfe yake cirewa. In an mai da alkama farar fulawa, kusan kashi 80 cikin 100 na magnisiyam ɗinta ya tafi. Mu ma in muka kai masara inji aka surfe ta tas domin tuwo ya yi fari sol a yaba wa uwargida, mun ɗauki mafi kyaun abin mun zuba wa awaki. Ba mu ce a daina surfe ba, kowa ya san tuwon datsa ba kullum yake shiga ba. Amma a bar surfen ya zama sama-sama, a riƙa sa wake da gyaɗa a tukunya, kada kuma a dafa ganye a tsiyaye ruwan a zubar, gama magnisiyam yana narkewa ya bi ruwan. Jiƙa hatsi ya kwana, irin na kamu da koko, yana rage wani abu a ɓawon hatsi da ke hana hanji tsotse sinadarai. Iyayenmu sun yi wannan tun kafin a san sunansa. Gidan da ya koma burodi da shayi da safe, taliyar leda da rana, farar shinkafa da dare, ya ci gaba a idon maƙwabta, amma jijiyoyinsa baya suka ci.

Ruwan sha ma yana da nasa rabo. Tun 1957 a Japan, da 1960 a Amurka, aka lura cewa garuruwan da ruwansu yake da nauyi, irin wanda sabulu ba ya saurin kumfa a ciki, mutuwa ta ciwon zuciya da jijiyoyi takan yi ƙasa kaɗan, masana da yawa kuma suna danganta haka ga magnisiyam. Wannan lura ce kawai, ba ta kai hujjar a bar tsabtataccen ruwa a koma ga rijiyar da ba a rufe ba.

Sai kuma ɓarayin da ke sace shi daga jiki. Babbansu giya ce, ko burkutu ce, ko ogogoro, ko ta kwalba. Tana sa ƙoda ta zubar da magnisiyam a fitsari, mashayi kuma dā ma ba ya cin abincin kirki, ga amai ga zawo. In ya haɗa da taba, to, ya kori mai gadi ya kuma buɗe wa ɓarawo ƙofa. Ciwon sukari da ba a kula da shi ba yana zubar da shi, haka doguwar gudawa. Magungunan sa fitsari da ake ba masu hawan jini da kumburi, irin su Lasix, suna fitar da shi tare da wani sinadarin da ake kira fotasiyam, wanda shi ma ba ya zama a jiki in magnisiyam ya yi ƙasa. Maganin gyambon ciki irin omeprazole, in an daɗe ana sha fiye da shekara, yana iya hana hanji tsotsarsa. Hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan haka a 2011. Wannan ba dalilin barin magani ba ne. Dalili ne na a gaya wa likita in ana fama da ɗaurewar jijiyar ƙafa, rawar jiki, kasala, ko faɗuwar gaba ba dalili.

Kada kuma wani ya ce kanwa za ta maye gurbinsa don ita ma daga ƙasa ake haƙo ta. Kanwa dangin gishiri ce, tana tara ruwa a jiki. Likitocin asibitin koyarwa na Zariya sun nuna tun shekarun 1970 cewa yawan kunun kanwa da zafin wankan jego suna da hannu a ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa.

Magnisiyam na abinci ba ya yi wa mai lafiyar ƙoda yawa, gama ƙoda tana zubar da ragowar. Na kwalba dabam ne. Yana cikin farin maganin ƙwannafi da muke kira mis-mag, da magungunan wankin ciki da yawa, shi ya sa suke sa zawo. Masana a Amurka sun sa iyakar abin da za a sha na ƙwaya a miligiram 350 a rana in ba da umarnin likita ba. Ga mai ciwon ƙoda kuwa, ko tsoho da ƙodarsa ta gaji, yana iya taruwa a jini har jini ya faɗi, numfashi ya yi rauni, zuciya ta tsaya. Abin da ke sassauta zariya, in ya yi yawa, sai ya sassauta har da tsokar numfashi.

Wanda ciwon ƙirji yake tashinsa da asuba, ko da yana wucewa da kansa, ya je asibitin da ke da na'urar awon zuciya, ya faɗa wa likita lokacin da abin yake zuwa, da minti nawa yake yi, da ko yana shan taba ko giya, da dukan magungunan da yake sha. Lokacin yana da muhimmanci, domin awon da aka yi da rana tsaka, sa'ad da jijiyar ta riga ta saki, yana iya fitowa ba aibi. In kuwa ciwon ya wuce minti 15 bai saki ba, ko ya zo da gumi mai sanyi, ko amai, ko suma, kada a jira gari ya waye, kada a tsaya jiƙa wani abu. A nemi mota a kai shi asibiti a daren.